Taswirar da Kawu Ya Sa Na Ɗinka

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa ina zaune a tsakar gida cikin mata, amma zanan da ya raba mu da ƙofar gida ba ya tare magana. Duk abin da maza suka faɗa bayan sun dawo daga maƙabarta, a kunnena aka faɗe shi.

Wani ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Amma dai mutum na mai wuya."

Wani ya amsa, "Ai yanzu gari ya samu sarari." Aka yi wata dariya ƙasa-ƙasa, aka rufe ta da tari.

A cikin gida kuma wata maƙwabciya ta dafa matarsa, wadda nake kira Inna, ta ce, "Sai haƙuri. Kin dai sha fama da shi." Inna ta ɗago jajayen idanunta ta ce, "Ni na gaya maki na sha fama?" Matar ta janye hannunta.

Da la'asar sai ga Filani daga wajen Fakku, tun da labari ya iske su suke tafe a ƙasa. Aka shimfiɗa wa Ardo tabarma, ya ƙi hawa, ya zauna a turɓaya ya rufe fuska da malafarsa. Matansu suka shigo suka aje ƙoren nono a gaban Inna, suka fashe da kuka, har sai da ita da aka yi wa rashi ta koma ba su haƙuri. Matan gari suna ta kallon juna, suna mamakin yadda baƙi suka fi 'yan gida kuka.

Ni ban yi mamaki ba. Abin da ya sa ma na ɗauki alƙalami ke nan, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci, wanda Kawu da kansa ya tura ni mutane suna zunɗe. Ba zan zuba ido a naɗe mutumin nan a cikin kalma biyu, a ce mai rigima ne, a wuce ba. Wanda ya ji haushin abin da zan faɗa, ya san ƙofar gidanmu.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ta rasu ina goye, shi da Inna suka rene ni, da mijina ya rasu kuma gidansa na dawo. Dogo ne, yana ɗan ɗingishi saboda kurkunun da ya taɓa yi. A ƙuruciyarsa ya yi wa masu awon ƙasa dakon sarƙar awo lokacin da suka ratsa dajin da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, daga nan ya ɗauko wata ɗabi'a da ta bi shi har kabari: ba ya tafiya sai yana ƙirga taku. In ka gaishe shi yana cikin ƙirga, hannu zai ɗaga maka ya wuce, sai ya kai inda za shi ya dawo ya amsa gaisuwar, har ya tambayi iyali. Mutane da yawa sun ɗauka girman kai ne. Surukai ma sun taɓa yin fushi a kan haka.

Shekarar gobara, wadda ta riga mulkin kai da 'yan shekaru, ita ta fito da shi fili. Da hantsi wuta ta tashi daga wani madafi. Gidajenmu a lokacin a cushe suke, zana jikin zana, bunu jikin bunu, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu. Kafin azahar rabin gari ya zama toka. Wata tsohuwa da jikokinta biyu suka ƙone a wani lungu da ba shi da mafita, muna jin ihunsu ba halin shiga.

Washegari mutane suka fara kafa dirkoki a cikin tokar, kowa a inda nasa yake. Kawu ya tafi ƙofar mai gari ya durƙusa.

"Allah shi ba ka nasara, in munka sake gini kamar na jiya, wutar jiya munka gina ma gida. Kwana bakwai nika roƙo. Kowa shi dakata."

Mai gari, wanda shi ma rumbunansa uku suka ƙone, ya ce an ba shi.

Kwana bakwai ɗin nan Kawu bai zauna ba. Igiyar rama ya samu ya ƙulla mata ƙulli-ƙulli, ya zagaye gari da ita, ya sauka fadama, ya bi burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya har ƙarshensa. A rana ta shida ya shigo da farin alawayyo kamu shida, ya shimfiɗa a tsakar gida, ya zana taswirar gari a kai da gawayi. Ya kira ni.

"Ɗiyata, aje hular nan da kika ɗinki. Gawayi gogewa shikai, tawada ruwa ka wanke ta. Zare nika so."

Ya ce abin da yake akwai yanzu, masallaci da kasuwa da gidajen da suka tsira, in bi shi da baƙin zare. Abin da ake so ya kasance nan da damina goma, sababbin tituna da rijiya da rumbunan da za a fitar bayan gari nesa da wuta, in bi shi da ja. Sai wuraren da ya ce in kewaye da shuɗi in bar cikinsu fari: burtali, da ƙarin maƙabarta, da wani fili gabas da kasuwa.

Na ce, "Kawu, wannan filin na mene ne?"

"Na makaranta."

"Wace makaranta? Ko Dogon Daji da ta fi mu girma, samunta sai an yi da gaske."

"Za ta zo. In ta zo ta iske ba wurin zama, gaba za ta yi."

Da aka shimfiɗa alawayyon a ƙofar mai gari, wani ya ce, "Kai jama'a, ga likkafanin gari an kawo!" Aka kwashe da dariya. Kawu bai ko murmusa ba, ya ce, "Ku kira shi haka. Tsohon gari aka binnewa yau." Sunan ya bi shi, har yanzu akwai masu cewa likkafani.

Faɗin titi, in ji shi, sai jaki biyu da mangala sun gifta ba su taɓa juna ba. Wannan ya ci wa kowa ƙasa, wani kamu biyu, wani biyar. Da hayaniya ta yi yawa, sai ya ɗauki gatari ya tafi gidanmu, wanda wuta ba ta ko taɓa ba, ya rushe zauren da mahaifinsa ya gina, domin jan zare ya bi ta kansa. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Amma bayan wannan babu wanda ya sake buɗe baki a gaban mai gari. A bayan ido kuwa, akwai gidajen da har ya mutu ba su daina ƙirga kamun da aka ci musu ba.

Kowace shekara in an gama kaka, sai ya fito da alawayyon a zauna a kansa. Tambayoyinsa ba sa canzawa, har yara sun haddace suna kwaikwayonsa da ɗingishi: "Mi ag gare mu yau? Mi ka iya halaka mu gobe? Mi za mu bar ma waɗanda ba a haifa ba?" Kafin ranar zaman yakan tura ni gida-gida in jiyo ta bakin mata, ya ce su ke ɗibar ruwa, su ke hura wuta, ba a tsara gari a bayansu. Yakan kuma aika a kira Ardo. Wannan ya fi komai ƙona wa dattawa rai, wai mutumin da ba ya kwana wata uku a wuri ɗaya ya zo ya sa baki a maganar gari. Kawu ya ce, "Shanunai sun san ƙasar ga tun ba a haife ku ba. Shi zauna." Abin da aka gama a shekarar, in farke jan zaren in mayar da baƙi. Abin da ba a yi ba, sai an faɗi dalili a gaban kowa.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Ya yi kuskure, babba ma. Inda ya sa na ɗinka rijiya, tsakiyar gari ne, don kowa ya samu kusa. Samarin gari suka yi rani guda suna haƙa, gaba goma sha fuɗu, suka tarar da fa, dutse a shimfiɗe, ko danshi babu. Ɗaya daga cikinsu ƙasa ta rufto masa ya karye a cinya, har yau da sanda yake tafiya. Gari ya ɗauka. Mata in sun dawo daga tafki da tulu sai su biyo ta ƙofarmu suna cewa a ba su ruwan likkafani su sha.

A zaman kakar shekarar Kawu ya miƙe tsaye a gaban kowa ya ce, "Ni na ɓata. Son kusa ya rufe mini ido, ban tambayi ƙasa ba. Ƙafar yaron ga tana wuyana har gaban Allah." Ya aiko a kira ni, a nan bainar jama'a na farke zaren da tsinin allura. Daga wannan shekara har ƙarfinsa ya ƙare, shi yake fara yi wa mai karayar nan noma kafin ya taɓa tasa gonar.

Matar Ardo ce ta fitar da mu. Ta kawo nono ta tarar da maganar, ta ce da ni, in Kawu yana son ruwa ya je yamma da gari inda giyayya uku suke, shanu ba sa wuce wurin da bazara sai sun tsaya suna sunsuna ƙasa. Na gaya masa. Ya sa takalmi ya bi ta har ruga ya durƙusa ya gode. Da samari suka ƙi sake haƙa, shi da Filani suka fara, da kunya ta kama mutane suka shigo. A gaba tara ruwa ya ɓullo. Wannan rijiyar muke sha yau, har da masu cewa gari ya samu sarari.

Lokacin zaɓen da aka yi gab da mulkin kai, 'yan siyasa suka gano filin gabas da kasuwa. Na farko suka zo da mota da lasifika, suka ce za su gina ofishin jam'iyya, in sun ci kuma makarantar ma su za su kawo. Kawu ya ce su kawo makarantar tukuna, ofis ya samu wuri a bayanta. Suka ce ɗan hamayya ne. Bayan kwana kaɗan 'yan hamayyar suka zo da murna, a zatonsu sun samu nasu, suka nemi filin su ma. Amsar da ya ba waɗancan ita ya ba su. Sai ya zama kowane ɓangare yana cewa na ɗayan ne. Aka kai ƙararsa wajen manya cewa yana raba kan jama'a, aka kira shi Tambuwal. Ya naɗe alawayyon ya saɓa a kafaɗa ya tafi a ƙasa. Kwanansa uku. Da ya dawo na tambaye shi abin da aka yi, ya ce, "Na shimfiɗa masu shi. Na ce su nuna mini inda jam'iyya take ciki." Bai ƙara ba, ya nemi ruwan wanka.

Ranar bikin mulkin kai ana ta kiɗa a kasuwa, shi yana bakin burtali yana dasa aduwa a kan iyaka. Wani ya ce masa, yau ma aiki? Ya ce, "An ce mu ka riƙe da kanmu yanzu. To wa za ya dasa muna?"

Faɗan da ya fi ci masa rai kuwa, da ƙanensa ya yi shi, ƙaramin kawuna, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, suke cin tuwo a akushi ɗaya tun suna yara. Shekarar da auduga ta yi daraja, ƙaramin kawu ya ga Filani sun yi arewa da damina, sai ya shigar da kunyar auduga goma sha biyu cikin burtali. Kawu ya yi masa magana sau biyu a zaure, ya ce to, bai cire ba. Auduga ta yi fure, shanu sun kusa dawowa. Kowa ya san abin da ke faruwa a garuruwan da aka toshe wa shanu hanya, mun ga waɗanda aka kawo da sara.

Da rana tsaka Kawu ya ɗauki hauya ya tafi ya tumɓuke kunya goma sha biyun nan tas. Ƙaramin kawu ya zo a guje.

"Yaya! Nono ɗaya munka sha!"

"Don haka na fara da kai. In na bar taka, da wane baki nika hana wani?"

"To ka riƙe ƙyallenka shi zama ƙanenka. Ni da gidanka har abada."

Da kaka Kawu ya tsince audugar gonarsa duka, ya sa aka kai ƙofar ƙanen. Aka dawo da ita. Ya sake aikawa, aka sake dawowa da ita. A karo na uku ya ce a zube ta a titi tsakanin gidajen biyu, kowa ya ga dama ya ɗauka. Ta kwana biyu awaki suna ja, sannan matar ƙaramin kawu ta fito ta kwashe, ta ce ita ba ta yi rantsuwa da kowa ba. Amma shi bai sake taka zaurenmu ba, shekara fuɗu. Kawu bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Sai dai kullum in na ɗauko akushinsa, sai in tarar ya ci gefe ɗaya ya bar ɗaya gefen ba a taɓa ba. Inna ta ce in daina tambaya.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi bayan kakar bana, a karo na farko ba a yi zaman shekara ba. Ranar Talata ya kira ni, muryarsa ta shige, ya ce, "Ɗiyata, kada ki ɓoye alawayyon ga cikin adaka don tunawa da ni, asu za su cinye shi a banza. A fito da shi ko ana zagi. Inda na ɓata, ki farke." Da hantsin Laraba ya cika, kansa a cinyar Inna. Ƙaramin kawu ya yi masa salla a sahun baya, bai shigo gaisuwa ba.

Ba a yi arba'in ba, wata safiya na ji ana kwaɓa ƙasa gabas da kasuwa. Surukin mai gari ne, mai sayen auduga, ya sa leburori suna yi masa tubali a filin makaranta, zai gina sito. Na aika wa mai gari, aka ce tsufa ya kama shi, ba ya jin daɗi. Dattawan da suka shekara goma suna zama a kan alawayyon nan kowa ya shige gida. Inna tana takaba, ta kama bakin ƙofa ta ce, "Da ba don halin da nika ciki ba." Na ce ta zauna.

Na ɗora turmi a ka, na riƙe taɓarya, na tafi tsakiyar filin na aje a tsakanin tubalan. Na koma na ɗauko damin gero na fara sussuka. Tsofaffin mata suka fara fitowa ɗaya-ɗaya da nasu turamen. Matan da ba sa fita suka aiko da dammunansu. Har maƙwabciyar nan tamu ta zo. Kafin rana ta take, ƙaiƙayi ya rufe ɗanyen tubali, leburori suka ja gefe suna susa.

Surukin mai gari ya iso yana gyara babbar riga.

"Ke, mi kika yi nan?"

"Sussuka."

"Ba ki ga ana aiki ba?"

"Filin makaranta na. Har ta zo, mu ka tsaron shi."

Ya yi dariya ya dubi mutanen da suka taru. "Wanda ka hanawa ai ya mutu."

Na ce, "Ya mutu. Ni da na ɗinka ban mutu ba."

Ya ɗaga murya ya ce wa leburori su fitar da turamen. Babu wanda ya motsa, domin uwayensu ne ke riƙe da taɓare. Ana cikin haka taro ya dare, sai ga ƙaramin kawu yana jan jakinsa da mangala. Ban san ɓangaren da ya zo wa ba. Bai dubi kowa ba. Ya sunkuya ya fara ɗaukar busassun tubala yana jerawa a mangala.

Mai auduga ya ce, "Ina za ka da su?"

"Ƙofar gidanka."

"Kai da ka shekara fuɗu ba ka yi mai magana ba? Kai da ya tumɓuke ma auduga?"

Ƙaramin kawu ya miƙe, tubali a hannunsa, ya ce, "Ban yafe mai audugata ba, sai mun gamu. Amma faɗan ɗakinmu na, ba naka ba. Audugar ɗan'uwanai ya tumɓuke don kada a taɓa shuɗin zare, sannan kai ka zo ka yi sito ciki?"

Sawu bakwai ya yi da jakin nan, shi kaɗai, gumi yana zuba, bai yarda kowa ya taya shi ba. Da ya kwashe na ƙarshe ya tsaya a gabana, karo na farko a shekara fuɗu, ya ce, "Ɗiyata, nuna mini iyaka." Na zagaya da shi kusurwa fuɗu, yana binne dutse a kowace. A ta ƙarshe ya daɗe a durƙushe, kafaɗunsa suna girgiza. Na juya baya na ba shi wuri.

Allah Ka yalwata wa Kawu kabarinsa fiye da yadda ya yalwata mana tituna, Ka yafe masa abin da ya ɓata, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar. Mai auduga ya ce bai haƙura ba, ya ce zai kai magana gaba. Ya kai. Har yau da nake rubutun nan makaranta ba ta zo ba, ba mu kuma san ranar zuwanta ba. Filin yana nan, kowace safiya kuma akwai turmi a cikinsa.